Faten Dankalin Ranar Uku

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Idi, kuma bana ma cutar damina ta cinye dankalin mutanen Kuru. Makon jiya na bi ta can, tun daga bakin titi warin ruɓa ya tare ni. Ganye ya yi baƙi ya kwanta, mata na tona kunya suna fito da abin da ko alade ba zai kalla ba. Na tsaya na kasa gaishe su, domin ni na san abin da ba su sani ba. An taɓa samun maganin wannan masifa a gidanmu na Gada Biyu, kuma ni ne na sa aka dafa shi.

Ni tela ne, ban san komai a kan noma ba. Yaya Idi kuwa lebura ne a wata gonar gwaji, inda ya ga yadda ake haɗa irin dankalin turawa, ya dawo gida da abin ya maishe shi ciwo. Da safe za ka same shi a tsugune a lambun bayan gidanmu da gashin kaza a hannu, yana ɗebo ƙurar furen wannan yana shafa wa na wancan, sannan ya ɗaure da zaren da ya sato a shagona. Limamin dankali nake ce masa, tunda kullum yana cikin ɗaurin aure. Shi kuma ya ce in tafi in ji da wandunan mutane da nake yanka wa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Idan auren ya karɓu, furen kan bar ɗan ƙwallo kore kamar ƙaramin gauta, cike da ƙwayoyi ƙanana. Su yake shanyawa ya adana a gwangwanin madara, ya shuka. Abin da ya sha faɗa mini, ni kuma ina jinsa da kunne ɗaya, shi ne kowace ƙwaya da halinta take fitowa. Ya ce ni da shi ma ai uwa ɗaya uba ɗaya ne, ga shi da haƙuri ga ni da baki. Cikin ɗaruruwa zai bar cutar ta kashe na kashewa, ya ɗauki wanda ya tsaya, ya sake haɗa shi da wani. Haka ya yi shekara tara.

Maƙwabta ba su bar shi ba. Wani dattijo a masallacinmu ya taɓa tare shi ya ce yana yi wa Allah shisshigi. Yaya bai ɗaga murya ba, ya ce, “Baba, ƙudan zuma ma aikin da suke yi ke nan. Ni dai aure nake ɗaurawa, Mai halitta ne ke ba da ɗa.”

A ƙarshe ya samu guda. Ya gwada shi damina biyu a kusurwar gonar abokinsa Dung, wani manomi ɗan Kuru. Gonar ta ƙone kaf da cutar, wannan kusurwa kaɗai ta tsaya kore shar. Ya sa masa suna Gagarau. Abin da aka tona kwando ɗaya ne da rabi, ya ɗauko shi duka ya kawo gida don kada ɓera ko ɓarawo su taɓa, da niyyar in shuka ta zo su raba da Dung su yawaita shi. Sati uku bayan haka tifa ta buge shi a kan kekensa a hanyar Bukuru. Nan take ya cika, bai bar ko wasiyya ba.

Ranar addu’ar uku mutane suka yi mana yawa. Matan da ke girki suka aiko cewa shinkafa ba za ta kai ba. Matarsa Asabe tana ƙuryar ɗaki cikin takaba, ba ta ko iya ɗaga kai, ban ga dalilin damunta ba. Na shiga ɗakin ajiyarsa. A kan kantar ɗakin na ga gwangwani an rubuta Gagarau da hannunsa, na ɗauke shi da hannu biyu na kai akwatina na kulle, ina jin na yi abin kirki. A ganina shi ne irin, tunda da idona na sha ganin yana shuka ƙwaya. Kwandunan da ke ƙasa kuwa na ce ai dankali ne kawai. Na ce a ɗauka a yi fate.

Dung ya iso da la’asar, ya yi mana gaisuwa, aka ba shi kwano ya ci. Da zai tafi ya ja ni gefe, da Hausarsa ta mutanen dutse ya ce, “Oga tela, kwandon nan na Idi, ka ajiye shi wurin da iska yana shiga fa.” Na ce kada ya damu, iri na cikin akwati, na ɗauko gwangwanin na nuna masa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce ina kwandon. Na nuna masa tukunya.

Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Zama ya yi a kan turmi ya riƙe kai. Can ya ce, “Wannan na gwangwani ’ya’yansa ne. Shi kansa shi ne mun ci.” A ranar na fahimci abin da Yaya ya yi shekara tara yana faɗa mini. Dankalin da kansa in an shuka shi ne ke dawo da uwar sak. Ƙwaya kuwa sai abin da ta ga dama. Muka bi bola muka tone ɓawo ko za a samu mai idon da zai tsiro, awaki sun riga mu.

Tun daga nan ni da Dung muke shuka ƙwayoyin kaɗan-kaɗan kowace damina, ko Allah zai sa wani ya gado. An samu ja, an samu dogo, an samu mai ɗaci. Duk cutar ta kwashe su. Bana muka zazzage gwangwanin, ragowar ma ba su tsiro ba, sun tsufa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yanzu. Kullum rediyo na kiran a koma gona, ana rabon irin da aka sauke daga jirgi, mai kyau, sumul, duk uwa ɗaya. Na tabbata zai girgiza kai. Ya sha cewa cutar ma tana da ’ya’ya, kuma cikin ’ya’yanta wanda ya iya cin dankalinka shi ne zai rayu ya hayayyafa. In duk gonakin ƙasar iri ɗaya ne, ranar da ta gano kansa ta gama da kowa. Ban yi makaranta ba, amma abin da na gani a Kuru makon jiya ke nan.

Na kuma ji ana cewa masana a ƙasashen Turawa sun fara yanka gadon halitta suna jona shi da na wata, kamar yadda nake jona ƙyalle. A shagona an yi ta musu, wasu na cewa ƙarshen duniya ne, wasu na cewa ƙarshen yunwa. Ina jin Yaya zai tsorata, domin shi ya tsaya ne a ɗaurin aure. Amma ni ba nan tsorona yake ba. Ko sun ƙera abin da ya fi Gagarau, a hannun irina zai ƙare, masu kulle gwangwani su dafa kwando. Mai sani ɗaya ne, ya mutu, mu da muka rage ba mu saurara ba lokacin da yake magana.

Me ya rage na Yaya Idi? Bai bar ɗa ba. Asabe ta yi aure a Bauchi, har yau ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Bayan gidan an yi ɗakunan haya. Gwangwanin yana shagona ina zuba maɓallai. Ina roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya ba shi ladan niyyarsa, tunda aikin ni na hana shi isa ga mutane.

Da na je Kuru na sami Dung a bakin gonarsa, ya tsufa, yana kallon baƙin ganye. Na je na tsaya kusa da shi. Sai ya ce, “Ka san abin da yana damuna, oga tela? Faten nan ya yi daɗi. Har ƙari na karɓa.”

Ni ma na karɓa.