Ramin da Kaka ta Roƙa

Har yanzu idan na ji ƙamshin ɗoɗɗoya, wadda Misirawa ke kira raihan, sai in tuna tsohuwar maƙabartar da ke bayan unguwar Darrasa a Alƙahira. A bakin ƙofarta ake sayar da ita ga masu ziyara, tare da ganyen dabino.

Kakata ta wajen uba ce ta fara kai ni, wata Juma'a da hantsi cikin sanyin hunturu. A Sudan aka haife ta, ta tsufa a Alƙahira. Ta ce za ta je ta duba makwancinta. Mun ratsa lungunan da mutane ke zaune cikin farfajiyar kaburbura, shanya a rataye, ana soya albasa kusa da marmara mai sunan wani basarake da ya daɗe da rasuwa.

Mai gadin wurin ya nuna mana kabarin sadaka da ake kai baƙi, an buɗe shi ana jiran wata gawa. Ka san a nan ba rami ake haƙa wa mutum ba. Matakala ce ta gangara zuwa ɗakuna biyu, na maza da na mata. A shimfiɗe mamaci kan yashi, a rufe bakin matakalar da dutse. Wata iska mai sanyi ta taso daga ciki, na ƙanƙame mayafin Kaka.

"To, ina ƙasar da za a zuba mini?" in ji ta.

"Ba a zubawa, Hajiya."

"Wa zai kwanta kusa da ni?"

"Wadda Allah ya kawo."

Kaka ta yi tsaki. "A duniya ɗakin haya da cunkoso, can ma cunkoso?"

Da muka koma gida ta riƙe hannun Baba. Ba ta son dutse, ba ta son rubutu. Rami kawai, nata ita kaɗai, ƙasa ta rufe ta kamar yadda aka rufe iyayenta. Baba ya ce, "Khalas, shi ke nan, Inna, na yi alkawari."

Da bazara ta rasu. Zafi bai ba da damar jira ba, baƙo kuma ba shi da fili. Matakalar nan aka gangara da ita. Daga ranar Baba bai ƙara bin titin maƙabartar ba, ko da zagaye zai yi nisa.

Yanzu an rushe maƙabartar, gadar motoci ta bi ta wurin. An kwashe ƙasusuwan ɗakin matan gaba ɗaya, an kai su hamada, an binne a rami guda. Na je na tsaya a kansa. Ƙasa ta rufe Kaka, amma ban san da su wa ba, sai na yi musu sallama su duka.