Ranar da Na Kunna Shofaj a Tsakiyar Bazara

Shekarun baya, ina sabon mai mota, wani abu ya same ni wanda har yau ban manta da shi ba. Motar tsohuwa ce, irin waɗanda ake kawowa daga Kwatano bayan Turawa sun gama cin moriyarsu, amma ni a ganina babu kamarta daga Tasawa har Mayahi. A wajenmu da an sayi irinta sai a kai gareji a yanke tiyon shofaj a toshe, wato abin nan mai hura iskar zafi cikin mota saboda sanyin ƙasarsu. Wa zai nemi ƙarin zafi a nan? Abokina da ya tuƙo ta daga can ya ce in bar shi, ya yi mani dogon bayani, na saurara da rabin kunne. Na bar shi ɗin, amma ba don na yarda ba. Ƙiwa ce ta hana ni komawa gareji.

Ana tsakiyar bazara na je Urafan ganin gida, na tarar ƙanwata, autarmu, wadda ta zo goyon ciki, tana kan gwiwa tun jiya. A ƙaramin asibitin garin ungozoma ta ja ni gefe ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, sai an yi aiki, kuma sai Tasawa. Motar asibiti ta fita da wani mara lafiya. Aka shimfiɗe ƙanwata a baya, mahaifiyata ta ɗora kanta bisa cinya, muka kama hanya rana tana tsaka.

Hanyar tana da wuraren yashi, dole a bi da ƙaramin giya, injin yana kuka mota tana jan ciki. Can idona ya kai kan allurar zafin injin, na ga ta wuce tsakiya. Na ce wa kaina rana ce. Kafin in ƙara dubawa ta kusa taɓa ja.

Na tsaya gindin wani gawo, na ɗaga kapo, wato murfin gaban mota, injin yana aiki. Hannuna ya nufi murfin radiyata, sai na tuna wani mutum da na taɓa gani ruwan ya wanke wa fuska, na janye. Na leƙa ƙasa, babu ɗigo. Ruwa yana nan daidai layinsa a ƙaramin tanki. Tiyon sama da na ƙasa duk da zafi, babu wanda ya tsage. Sai na lura fankar da ke hura radiyata tana tsaye cik, alhali a irin wannan zafi ya kamata a ce tana gudu. Na zaci fizibil ɗinta, wato fis, ya ƙone, na ciro na rediyo na sa mata, ko motsi. Na duba waya, babu layi. Ko amalanke babu a hanyar, kowa ya fake wa rana.

Daga cikin mota na ji ƙanwata ta ce, "Yaya, mu tai, don Allah." Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai, tsoro ya kama ni.

A nan bayanin abokina ya dawo mani guntu-guntu. Shofaj ɗin nan ƙaramar radiyata ce a cikin mota, ruwan injin ne ke bi ta cikinta. In allura ta hau ka kunna shi ya ba ka sanyi, to ruwa ba ya zagayawa, kada ka motsa. In ya ba ka zafi, ruwa yana tafiya, kuma duk zafin da ya zuba maka daga injin ya ɗebe shi.

Na shiga, na sauke gilasai duka, na murɗa shofaj ɗin har ƙarshe. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah iskar zafi a bazara ba, amma ranar na roƙa. Sai ga ta kamar an buɗe bakin tanderun burodi. Muka tashi, allura ta ɗan ja baya, ta tsaya gab da ja tana rawa.

"Mi ka kunna?" in ji mahaifiyata.

"Inna, zafin injin nake jawowa ciki. In ba haka ba ƙonewa zai yi."

Ta jiƙa mayafinta da ruwan bido, 'yar jarkarmu, tana shafa wa ƙanwata. Na karkatar da iskar wajen ƙafafuna, amma mota ba ta da faɗi, zafin ya cika ko'ina. Gumi yana shiga idona, sitiyari yana zame mani. Ƙanwata tana nishi, ina jin daɗin nishin don shi ke gaya mani tana nan. Sai nishin ya ɗauke.

"Kashe abin nan," Inna ta ce.

"Inna, saura kaɗan mu hita yashi."

"Ba ta motsi. Ni na haife ka, na ce ka kashe shi."

Tun da na yi wayo ban taɓa mayar mata da magana ba. Na dubi allura, na san in na kashe ba za mu yi nisa ba injin zai tsaya, mu zauna a daji muna kallon yarinyar nan. Na kuma san zafin da nake hura mata yana iya ƙarasa ta. Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna, ba ni kashewa."

A hankali ta ce, "To in ta cika cikin wutar ga, ka san wanda ya kashe ta."

Ban waiwaya ba. Na yi ta tuƙi ina hawaye, ban san ko mai rai nake ɗauke da ita ko gawa ba. Da muka hau hanya mai ƙwari na ba motar wuta, iska ta fara dukan radiyata, allura ta sauko da kanta, sannan na kashe shofaj ɗin. Ana kiran la'asar muka shiga asibitin Tasawa, aka gudu da ita ɗakin aiki. Ta rayu, ɗiyarta ma ta rayu. Daga baya makanike ya gano ɗan injin fankar ne ya ƙone.

Mutane sun yi ta yaba mani, wai na yi dabara. Ni yabon bai taɓa zauna mani ba, don na san abin da na yi ɗaya ne ko ta rayu ko ta mutu, kuma da ta mutu da wani suna ake kirana da shi yau a garinmu. Abin da ya fi ci mani rai shi ne Inna ba ta sake ta da zancen ba. Na daɗe ina ɗauke da shi, har wata rana na same ta tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na ce ta yafe mani ƙin bin maganarta da na yi.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Da ka bi ta, da har yau ban yafe maka ba."