Ƙafar da Si Mbarek Ya Ƙi Ɗorawa

Izza tana cikin takaba akuyarta ta karye. Ba ta aika wa kowa ba, sai ga Si Mbarek maɗori a bakin ƙofa. Ya ɗaure ƙafar akuyar, ya ce ta bayan ƙyaure, "A hana ta hawa katanga," ya tafi ko shayi bai sha ba.

Haka yake, ba yawan magana. Shekara arba'in yana ɗori a ƙauyen da garin sha'ir da farin ƙwai da tsagin reshen dabino, kuma ba a taɓa jin ya mayar da kowa ba, sai ranar da Yidir, ɗan Izza tilo, magidanci mai 'ya'ya uku, ya faɗo daga kan dabino lokacin girbi.

Gwiwar ce ta goce. Tun a gonar abokan aikinsa suka ja ta ta koma, don haka da aka shigo da shi wurin Mbarek a bargo ba a ganin komai sai kumburi. Hammu, ƙanin mijin Izza, har ya sa an fasa ƙwai.

"Targaɗe ne, Si Mbarek. Ɗaure shi mu koma, dabino ba ya jira."

Izza tana durƙushe wajen ƙafafun tana tasbihi. A hankali ta ce, "Baba, ƙafar nan ta fi 'yar'uwarta sanyi. Ta kuma yi fari."

Mbarek ya dube ta. Ya ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar, ya daɗe, ya koma wajen idon sawu. Ya danna farcen babban yatsa ya saki, jini bai dawo ba. Ya ɗan ɗaga ƙaurin, sai gwiwar ta yi lilo kamar ƙyauren da ya ɓalle.

"Yidir, ɗaga min yatsunka."

"Ina ɗagawa, Baba."

Ko ɗaya bai motsa ba.

"A kawo mota," in ji Mbarek. "Ba zan ɗora ba."

Hammu ya yi dariya. "Tsufa ya zo ke nan. Jiya ka ɗora jakin maƙwabcinmu Bihi, yau ɗan mutum ya gagare ka? Asibiti tafiyar awa biyu ne, kuma can yankewa suka iya."

"Jakin Bihi jini na zuwa kofatonsa. Wannan hanyar jinin ta tsinke a bayan gwiwa. In na ɗaure, jibi kai da kanka za ka kai shi a yanke."

Kowa ya juyo yana kallon Izza, ita da ba ta taɓa musa wa dangin mijinta ba. Ta kwance mayafinta na waje ta miƙa wa Mbarek. Ya jera reshe biyu, ya naɗe sako-sako, ya bar yatsun a buɗe.

"Kada a ba shi ko ruwa. Ki faɗa wa likita bayan azahar ya faɗo, kuma gwiwar ta fita kafin ta koma."

An yi wa Yidir aiki tun kafin magariba. Yana ɗingishi har yau, ya bar hawa dabino, amma da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Bayan wata guda Mbarek ya tsaya a ƙofar Izza, kansa a ƙasa.

"'Yata, mata ba sa yarda in taɓa musu ƙafa, ta kan zani nake lalube. In an kawo mace, ki riƙa zuwa kina taɓa min."