Fuskar Teku a Bangon Kaka

A shekarun da wuta ke yawan ɗaukewa a Alƙahira, mu yaran unguwar Arba wa Nus murna muke yi. Da an idar da magariba Kaka, mahaifiyar babanmu, za ta hura gawayin gahawa, mu kewaye ta. A bangon da take fuskanta akwai zanen bakin teku da ta taho da shi daga garin Bor Sudan. Ba jirgi a ciki, ba mutum, sai ruwa mai launin toka da hadari ya sauko masa. Ni haushinsa nake ji.

"Yalla, ku duba mini," takan ce. "Yau fushi yake ko kewa?"

In garwashi ya yi ja, ruwan kamar zai tafasa. In ya lafa, sai ya koma kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sai mun faɗi abin da muka gani take cewa ga ta nan.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata mata ce da mijinta ya hau kwalekwale zuwa Makka. Kullum takan je gaɓa ta tambayi teku labarinsa, teku ko uffan. Ta zage shi, ta jefe shi. Da ta gaji ta zauna tana kallo kawai, sai ta lura kowace rana da fuskar da yake fitowa da ita. Ranar da ta gan shi ya yi jugum, ba wanda ya gaya mata komai, ta koma gida ta shiga takaba.

"Mai kunya ba ya roƙo da baki," in ji Kaka. "Fuskarsa ake karantawa."

Mu kuwa gyaɗar da ta ɓoye a gefen zane muke jira.

A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Duk aka ambaci Iskandariyya, birnin da ke bakin teku, sai ta juya wajen zanen. Babanmu ya taɓa tambayarta ko a kai ta ta ga teku, ta ce, "Ma'alish, ba komai, kada ka wahalar da kanka." Muka riƙe maganar bakinta, don ita ta fi mana sauƙi. Kafin shekara ta zagayo idon ya rufe, tekun kuwa tafiyar wuni ɗaya ba ta kai ba.

Zanen yana ɗakina yanzu, kuma ina iya gaya maka ranar da yake fushi da ranar da yake kewa. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ƙuruciya ce ta hana ni gane ta. Ba haka ba ne, kuma abin yana cina. Ranar da ta ce ma'alish ina zaune kusa da gawayin, na ga fuskarta sarai.