Ya Fanna da Ciwon da Takarda Ba Ta Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya, da gari ya waye za ka ga Ya Fanna ta fito daga gidanta na bayan kasuwar tattasai a Diffa, jaka a hammata, tana tafe tana amsa gaisuwa da Barbarci da Hausa da Fulatanci. Kafin sauran ma'aikata su iso ƙaramar likitar unguwa, wato asibitinmu, ta share ɗakin awo da hannunta, ta dafa ƙarafan aiki, ta jawo kujerarta mai ɗaurarriyar ƙafa ta zauna. Ungozoma ce. Watan jiya ta ajiye aiki shiru, ba taro ba jawabi, ni kuwa na ce wallahi ba za ta tafi haka ba sai na yi magana.

Kowa ya san ta da jinkiri. Layi ya kai bakin titi, mata na ta tsaki, ita tana ciki da mace guda tana cewa, "To ƴata, faɗa mini wuninki. Daga tashinki har kwanciyarki, ina da ina kike zuwa?" Majo, shugaban likitar, ya yi faɗa har ya gaji ya sa mata ido. Mu ma mun yi gulmarta, ba zan ɓoye ba, mun ce tsohuwar nan hira take so.

Wanda ya san kwarin Komadugu a shekarun kwanciyar hankali ya san abin da muke kewa. Ruwa ya zo, injinan ban ruwa na ta ƙara tun daga bakin kogi, tattasai a shanye ja wur iyakar ganinka, manyan motoci na lodi zuwa Najeriya. A shekarun nan ne Aisa ta zo hannun Ya Fanna. Ba sunanta na gaskiya ke nan ba, amma ita ta ce in ba da labarin, ko wata za ta amfana.

Aisa matar Kalli ce, manomin tattasai da ke bin kayansa har Maiduguri, ya yi sati biyu ko uku bai dawo ba. Shekara biyu tana fama da ƙaiƙayi da zafi a gabanta, da ƙananan ƙuraje, wani lokaci har ɗigon jini. Ya lafa, ta ce alhamdu lillahi, bayan wata biyu ya dawo. Wani mai tallan magani a kasuwa ya saurare ta rabi da rabi ya ce, "Hajiya, wannan erpes ne. Ba ya warkewa, kuma ta hanyar kwanciya ake ɗaukarsa." Kai, Allah ya isa tsakaninta da mutumin nan! Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi.

Ta yi gwaji sau uku, na ukun har Damagaram ta je. An ɗibi jini, an ɗibi ruwan wurin, kowace takarda ta ce babu erpes, babu sauran cututtukan sanyi. Wata da murna za ta koma gida. Aisa kuwa tsoronta ƙaruwa ya yi, don ga ciwo tana ji a jikinta, ga takarda na cewa lafiyarta lau. Ta ce a ranta cutar ce ta iya ɓuya. Ta san ba ta taɓa sanin wani namiji ba, saboda haka Kalli ne ya kwaso a tafiye-tafiyensa. Shi ma Kalli, da ya ji abin da mai maganin ya ce, ya san bai taɓa kusantar wata ba, sai ya fara tunanin abin da ake yi a gidansa in ya yi tafiya. Ba wanda ya furta. Ya daina shiga ɗakinta, gaisuwa ta koma ta baƙi. Rannan ya ce mata, "In an gama tsinkar bana, ki je Maine wajen su Baba ki huta." Ta san irin wannan hutun ba a dawowa daga shi, ga ƴaƴa uku.

Saura sati uku a gama tsinka ta shiga ɗakin Ya Fanna, ta zube takardun a kan tebur.

Ya Fanna ta karanta su ɗaya bayan ɗaya ta ture gefe. "Waɗannan ba su yi ƙarya ba. Abin da aka aike su nema ne babu. Faɗa mini wuninki."

"Haba Ya Fanna, aurena ke mutuwa, kina tambayata wuni?"

"Ina tambaya. Bayan kin ɗora tukunya, sai ina?"

Aisa ta faɗa, ranta a ɓace. Sai gona. In Kalli ba ya nan ita ke kula da injin ban ruwa, in ciyawa ta toshe bakin tiyo ita ke shiga ruwa har ƙugu ta cire. In kogi ya ja baya, a gurbin ruwan da ya bari take wanki, a nan take wanka kafin ta koma gida.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo ni gidan."

Ya Fanna ta sa ta kwanta, ta haska tocila ta daɗe tana dubawa. Can ciki ta ga tabo-tabo masu ruwan ƙasa, kamar an barbaɗa rairayi. Ta wanke hannu ta ce, "Gobe ki zo mini da mijinki. In ya ƙi, ki ce ni zan zo gonar da kaina, kuma da ƙarfi nake magana."

Kalli ya zo, fuska a ɗaure, ya tsaya bakin ƙofa kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

"Zauna, ɗana. Da kana ƙarami ka taɓa fitsarin jini?"

Dariya ta kuɓuce masa. "Inna, wa ya tashi a bakin kogin nan bai yi ba? Tsargiya ce. Iyayenmu cewa suke alamar an zama namiji ce."

"To ita ce a jikin matarka."

"Tsargiya? Mace?"

"Ruwan ya san mace da namiji ne? Tsutsar ta fata take shiga. Ku a mafitsara ta fi nuna kanta, mata kuwa har a gabansu take zuba ƙwai, ya yi ƙaiƙayi, ya yi ƙurji, ya yi jini. Ba ta wajen kowa ta samo shi ba. A bakin injinka ta samo shi, tana yi maka ban ruwa."

Kalli ya sunkuyar da kai.

Ya Fanna ta tsayar da su jikin sandar awon tsawo, don da tsawo ake auna maganin, ta ƙirga wa kowa ƙwayoyinsa, ta ce sai sun ci abinci za su sha. Ba ta yi musu daɗin baki ba. Ta ce tabon zai daɗe, wataƙila a sake shan maganin, kuma muddin ana shiga ruwan ciwon zai iya dawowa. Ta kuma ce wa Aisa, "Erpes akwai shi, masu shi ma suna nan zaune da aurensu lafiya. Amma ba shi ke gare ki ba, ki sauke shi daga ranki."

A hanyar gida, da suka kai bakin gona, Kalli ya ce, "Aisa, ki yafe mini. Na zarge ki." Ta ce, "Ni ma abin da na yi maka ke nan." Ba ta je Maine ba sai da salla, kuma tare suka je.

Ke ce wannan, Ya Fanna, mai kunnen sauraro. Ke ce kika zauna da matan gonaki, daga baya da matan da rikici ya koro daga ƙetaren kogi, kina yi musu tambayar nan da muke yi wa dariya. Mata nawa Aisa kaɗai ta jawo miki daga bakin ruwa? Ita kanta ta daina ƙirgawa.

Da na je gidanta na ce zan rubuta wannan, sai ta ɓata rai. Ta ce in zan rubuta, to in sa har da Bintu. A shekarunta na farko a aiki, wata Bintu ta zo mata daga wani ƙauyen bakin kogi da irin wannan ciwon. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta ce ciwon sanyi ne, ta yi mata allura, ta ce ta turo mijinta shi ma a yi masa. Mijin bai zo ba, saki ya aika. Sai bayan shekaru, da aka koya musu yadda tsargiya ke kama mata, ta gane abin da ta gani a jikin Bintu. Ta neme ta har Fulatari, aka ce ta bar ƙasar. "Da na tambaye ta inda take wanki," in ji ta, "da minti biyar ya isa." Tana faɗa idonta na kawo ruwa, bayan shekara kusan talatin.

Mun gode, Ya Fanna. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya saka miki da gidan Aljanna. Ku kuma ƴan bayanta masu fararen riguna, in mace ta zo muku da takarda mai cewa babu komai alhali tana kuka, ku ba ta kujera ku tambaye ta. Layi zai jira. Auren Aisa yana nan har yau saboda an tambaye ta, na Bintu kuwa ya mutu, kuma har yanzu ba ta san ba ta yi laifin komai ba.