Barmo da Buhun Kanwa a Filin Jirgin Gure

Duk mai sammakon zuwa gona ta bayan garin Gure ya san Barmo, ko da bai san sunansa ba. Da an sallame asuba zai fito da fartanya a kafaɗa, tsohon bokiti a hannu, ya kama filin jirgi daga wannan baki zuwa wancan, kai a sunkuye kamar mai neman allura. Ramin gafiya ya cike shi ya daddake da dunduniya. Tumfafiya ta leƙo, ya tumɓuke. Ƙashi, dutse, guntun ƙarfe, duk a bokiti. Filin nan na jar ƙasa ne, ba shinge, ba hasumiya, kuma sai a yi watanni jirgi bai sauka ba. Masu shayin bakin hanya suna tsokanarsa da cewa shi ne mai sharar gidan da ba a baƙo. Ba ya jin haushi, yakan ce musu su dai su zuba masa na farko.

A bana Barmo ya ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji. Ba a yi taro ba, ba wanda ya karanta jawabi, abin kuwa ya ba ni takaici. Shi ya sa muka ga ya dace a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu tun yana raye yana ji.

Biba mai fura, da ke zama a inuwar aduwar gefen filin, ta shaida shekarar da surukin Barmo ya riƙa sato kunya ɗaya-ɗaya ta gero yana shigowa cikin filin. Barmo ya je har gida ya gaishe shi, ya ci tuwonsa, ya gaya masa, washegari kuma ya cire geron da hannunsa. Samari masu ƙwallo ma bai taɓa korarsu ba, sharaɗinsa kawai su yi raga da takalma, kada ya ga dutse. Ungozomomin asibiti kuwa suna tuna ranar da aka ɗauki wata mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama, jirgi ya sauka ba shiri, ya tarar da fili sumul. Yarinyar da aka haifa a tafiyar nan yanzu tana lakwal, wato makarantar boko.

Amma abin da ya bambanta Barmo da kowa shi ne kanwa. Da damina shanu suna son filin jirgi, don ƙasarsa a bushe take, ba caɓi, ba ƙuda, ba gonar da za a zo ana yi wa makiyayi ihu. Barmo bai taɓa ɗaga sanda a kan saniyar wani ba. Can nesa da filin, wajen arewa, ya keɓe wani wuri yana zuba kanwa, har garkunan yankin suka saba, da sun taho sai su karkata can da kansu. Kullum akwai buhu a ɗakinsa na langa-langa, wanda masu haƙo ta a kwarurrukan kudu kan sauke masa.

Ranar da mutanen Gure ba su manta ba ta zo ne a tsakiyar daminar bara, lokacin hutu, gari ya yi shar. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Zuhura ta zo daga Yamai da mijinta Lawali da mahaifinta Alhaji Fadilu. Alhaji haifaffen wani kwari ne a ƙasar Bune, inda rairayi ya cinye ƙauyen tun yana saurayi, mutane suka watse. Mota ba ta shiga wurin, jikinsa kuma ba na hawan raƙumi ba ne yanzu. Likita ya riga ya gaya wa Zuhura cewa idon tsohon rufewa yake, magani ba zai tare ba. Burinsa guda ne, ya ga ko dabinon da ubansa ya dasa yana nan. Da ta ji cewa wani ƙaramin jirgi da ke zuwa duba makiyaya yakan zaga da baƙi su sha kallon ƙasa, sai ta nema musu wuri. Lawali ya dubi jirgin sama da ƙasa, ya ce ai dole wani ya tsaya gadin mota.

Barmo ne ya riƙe hannun Alhaji har ya hau. Jirgin ya tashi da hantsi, ya yi kudu, ya bar su shi da Lawali a gindin aduwa suna shan furar Biba.

Ba su ankara ba sai ga garke ya ɓullo ta bayan tudun rairayi, can ƙarshen filin. Baƙin shanu ne daga arewacin Alakos, jajaye masu dogayen ƙaho, ba su san wurin kanwa ba. Suna taka busasshiyar ƙasa suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Barmo ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Sai kuma ga ƙugin jirgin yana dawowa. Matuƙin ya sauko ƙasa-ƙasa, ya ga abin da ke ƙasa, ya sake ɗagawa ya fara kewaya gari. Barmo ya san man da ke cikinsa na zagaye ne, ba zai kai shi Damagaram ba, kuma ya san abin da iskar gaban hadari ke yi wa ƙaramin jirgi. Gabansa ya faɗi, ba ya musun wannan.

Lawali, da matarsa ke sama, ya faɗa mota ya nufi shanun yana danna hon. Ba za a ga laifinsa ba, amma ɓarna ya yi. Shanun suka zabura suka bazu tsawon filin, waɗanda da suke gefe guda yanzu suna ko'ina. Makiyayin, wani dattijo mai suna Tanimu, wanda tun fitowarsa daga gida ake korarsa daga bakin gonaki, ya dogara sandarsa ya tsaya ƙyam. Ya ce jeji na Allah ne, kuma yau ba inda za shi.

Barmo ya iso da buhu a ka, yana haki. Ya leƙa tagar motar ya ce wa Lawali ya kashe ta, ya zauna, kada ya fito. Sannan ya sauke buhun, ya tsuguna gaban Tanimu ya yi sallama. Ya tambaye shi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi lafiyar dukiya, da yadda ruwa ya yi a arewa. Lawali ya ce shi a lokacin ji ya yi kamar ya shaƙe tsohon, jirgi na kuka a ka shi yana gaisuwa. Amma Barmo ya san ba a ba wa dabbar mutum ko da ciyawa sai da izninsa, kuma saniya muryar mai ita kaɗai take bi. Sai da Tanimu ya amsa gaisuwar, murya ta sauko, sannan ya kwance bakin buhun.

"Baƙi kuka yi mini, ga ɗan abin tarba," in ji shi. "In ka yarda in kai musu can arewa, wurin ya fi nan."

Tanimu ya dubi kanwar, ya dubi Barmo.

"Akwai tsoho a cikin abin can, sa'anmu ne, da ɗiyarsa. Ba su da wurin sauka sai inda shanunka suke. Ni ba ni da iko da su, kai ke da shi."

Tanimu ya ɗaga kai ya dubi jirgin, ya dubi hadarin. Sai ya juya ya kira uwar garken da sunanta, kira mai tsawo. Ta ɗago kai ta taho. Barmo ya ɗebi kanwa a tafin hannu ya miƙa mata ta lasa, ya yage gindin buhun da wuƙa, ya saɓa shi ya kama hanyar arewa kanwa na zuba a bayansa. Saniyar ta bi shi, sauran suka biyo, Tanimu na baya yana tattaro na gefe. Shanun da suka daɗe ba su lasa ba ba su san layi ba. Suka yi masa ca, wani bijimi ya sa ƙaho ya ture shi a haƙarƙari, ya faɗi a tsakiyarsu. Biba ta ce ta rufe ido tana salati. Da ta buɗe sai ta hango farin buhun ya sake tasowa sama da ƙahonin, yana ci gaba.

Saniyar ƙarshe na barin jar ƙasa, jirgin ya sauko. Tayarsa ta taɓa ƙasa, ya yi tsalle sau ɗaya, ya miƙe. Bai gama tsayawa ba iska ta iso, ta ɗauke faifan da Biba ke rufe ƙwaryar fura.

Zuhura ta sauko a firgice, don ta ga komai ta taga kuma ta ga fuskar matuƙin. Alhaji kuwa ya sauko yana murmushi har kunne. Idonsa bai kai ya rarrabe shanu a ƙasa ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Ya riƙo Barmo, wanda ya dawo fari fat da kanwa yana dafe da gefen ƙirji, ya shiga ba shi labari. Matuƙi ya sauko da su sosai a kan kwarin, ya ce, ya ga dabinon, rairayi ya kai musu wuya amma kawunansu kore ne, har da nonnan 'ya'ya. Ya yi wa ubansa addu'a daga sama. Sannan ya tambaya me ya sa aka yi ta kewaya Gure haka kafin a sauka.

"Don ka more kallo ne, Alhaji," in ji Barmo. "Ba kullum ake hawa ba."

Sai da motarsu ta tafi ya yarda aka kai shi wurin mai ɗori, aka tarar haƙarƙari ya tsage. Da ya ɗan ji sauƙi, Tanimu ya aiko masa da ƙwaryar nono.

Barmo, kai ne ka tsuguna ka gaida mutum a lokacin da kowa ke ganin ba lokacin gaisuwa ba ne. Kai ne ka share fili shekara da shekaru don baƙon da ba ka san ranar zuwansa ba, ba mai duba ka, ba mai yaba maka. Na Gure, mai buhun kanwa, mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ka ga jikokin jikoki. Wanda aka ba filin a bayanka, da duk mai riƙe da wani ɗan aiki da yake ganin ba a kallonsa, ya je ya zauna wurin tsohon nan ya koya tun yana da bakin faɗa.

Idon Alhaji Fadilu ya rufe kafin wannan daminar. Zuhura ta ce yana nan a Yamai, a kan tabarmarsa, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin dabinon ubansa da kirkin matuƙin da ya ƙara masa zagaye kyauta. Mun nemi izninta kafin mu rubuta wannan. Ta ce mu rubuta, duniya ta san abin da Barmo ya yi, amma kada kowa ya karanta wa Baba.