Kiyashin Makewayina

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko na daina ɗinki ne, da wadda ta ce na yi kuɗi na manta da mutane, duk ku yi haƙuri. Jinya na yi.

Shekara tara ina da ciwon suga, har na ɗauka mun saba da juna. Sai wata rana a shagona na Gyaɗi-Gyaɗi ƙafata ta ƙi shiga silifas. Na danna ƙwaurina da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Fitsarina kuwa kumfa, kamar an zuba garin sabulu.

Na san hanyar nan, ita Innarmu ta bi. Kiyashi muka fara gani suna taruwa a makewayi in ta fito. Daga nan aka ce suga, daga suga aka ce ƙoda. Ni na riƙa raka ta wankin ƙoda sau biyu a mako har Allah ya karɓi abarsa.

Asibiti kun san shi: layi tun sassafe, kati, a ɗebi jini, fitsari a 'yar roba, a ce ki dawo jibi. Likitar, wata matashiya mai saurin magana, ta ce, "Hajiya, ƙodarki ta fara yoyo, amma ba mu makara ba." Ta ƙara min sabon magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Tsadarsa ta raba ni da keken ɗinki guda.

Ta yi min bayaninsa, na san ta yi. Amma tun da ta ambaci ƙoda kunnena ya toshe, ƙarar injin wankin ƙodar Inna kawai nake ji.

Kwana huɗu da fara sha, kiyashi suka bayyana a makewayina. Na kora ruwa, ban faɗa wa kowa ba. Washegari suka dawo da 'yan uwansu.

Yayata Rabi ce ta gan su, ranar da ta zo daga Unguwa Uku duba ni. Ta fito jikinta a sanyaye.

"Ke Binta, tun yaushe?"

"Tun da na fara sabon maganin, Yaya."

"To maganin da kika sayar da keke kika saya, shi ke kira miki abin da ya tafi da Inna? Ajiye shi."

Ba zan ɗora mata laifi ba, abin da ke raina ta faɗa. Na ajiye shi, na ci gaba da tsofaffin magungunana. Kiyashi suka watse. Don murna har sadakar ƙosai na yi.

Na yi mako shida ban sha ba. Kumburi ya hau har gwiwa, da safe idanuna da ƙyar suke buɗuwa. Na ce wa kaina gajiya ce.

Da na koma, likita ta daɗe tana kallon takardar gwaji. Ta ce, "Babu suga a fitsarinki."

Na ce, "Alhamdulillahi."

Ba ta yi murmushi ba. "Yaushe kika daina shan maganin?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ba ta labarin kiyashin. Wannan karon na saurara. Ta ce a cikin ƙoda akwai wani ɗan mitsitsin furotin, aikinsa kamar na ɗan dako ne. Yana kwaso suga da gishiri daga fitsari yana mayar da su jini. A jikina ya cika ƙwazo, shi ya sa rariyar ƙodata ke shan matsi har tana yoyo. Shi maganin, hannun ɗan dakon nan yake ɗaurewa, suga ya bi fitsari ya fita, ƙoda ta huta.

"Sugan da ya jawo kiyashin shaidar aikin maganin ne," in ji ta. "Rashinsa ne ya tona ki. Kuma yoyon ya ƙaru."

Na tambayi abin da nake tsoro. "Wanki zan fara?"

"Ban sani ba tukuna. Mu ga wata uku."

Na koma shan maganin. Ban taɓa jin tsoro irin na watannin nan uku ba. In zan shiga asibiti sai in zagaya ta baya, don kada in wuce ƙofar ɗakin wankin ƙoda. Yaya Rabi ta yi kuka da na ba ta labari, daga nan kullum sai ta kira ta ji ko na sha.

Ranar sakamako na miƙa takarda. Likita ta ce yoyon ya ragu sosai, ƙodar ta tsaya inda take. Ba warkewa ba ce, zan ci gaba da magani da gwaji. Amma babu wanki.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da ba ta kore ni ba, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Don Allah, in ana muku bayanin magani, ku tafi da wanda zai saurara muku, don mai tsoro ba ya ji. Kada ku ajiye magani sai kun tambayi wanda ya rubuta. Wanda kuma ba ya shan irin nawa ya ga kiyashi a fitsarinsa, ya nufi asibiti, shi a wajensa ba albishir ba ne.

Jiya da safe Yaya Rabi ta kira. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Binta, kiyashin suna nan?"

Na ce suna nan, Yaya.

Ta ce, "To, Allah ya bar mana su."